Hasashen Yanayi Na Mako Guda A Wayarka: Yadda Ake Karanta Shi, Da Abin Da Gajimare Zai Ƙara Maka

Kusan kowace waya, Android ce ko iPhone, tana zuwa da manhajar yanayi wadda ke jero maka kwana bakwai ko goma masu zuwa, kowace rana da ɗan hotonta: nan rana, nan gajimare, can gajimare da ɗigon ruwa da zanen walƙiya. Da yawanmu mun daina kula ta. Waya ta ce za a yi ruwa ranar Talata, Talata ta zo ta wuce ko ɗigo ba a gani ba, ranar Alhamis da ta nuna rana tarwai kuma sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga nan sai mutum ya yanke hukunci cewa duk shaci-faɗi ne.

Amma watsar da ita asara ce. Mai shanyar masara, da mai shirin zuba kankare, da ɗan acaɓa, da wanda aka sa ɗaurin aurensa ranar Asabar a fili, da wanda gidansa ke bakin magudanar ruwa, duk suna buƙatar sanin abin da mako zai zo da shi. Wani lokacin ma maganar ta wuce ta dukiya. A ƙarshen watan Mayun 2025, ruwan dare ɗaya ya haddasa ambaliyar da ta ci rayukan mutum fiye da 150 a garin Mokwa na jihar Neja.

A yau za mu duba inda waya ke samo wannan hasashe, wane ɓangarensa ne abin dogaro a yankinmu, wanne ne mai rauni, da yadda sanin ire-iren gajimare zai cike maka giɓin. A taƙaice: labarin mako ka tambayi manhaja, labarin yau ka tambayi hoton tauraron ɗan'adam, labarin awa ɗaya mai zuwa kuwa ka ɗaga kai ka dubi gabas.

Daga ina waya ke samo hasashe?

Wayarka ba ta auna yanayi. Abin da take yi shi ne ta gano inda kake ta hanyar GPS ko sabis ɗin layinka, ta tura lambobin wurin zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ya yi manhajar, wato saba, ita kuma ta dawo mata da jerin lambobi: zafi kaza, iska kaza, yiwuwar ruwa kaza. Manhajar sai ta mayar da lambobin nan hotuna. Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja da API ya san wannan aikin, kuma mai koyon rubuta manhaja zai iya gwadawa da Open-Meteo, wanda ke ba da irin waɗannan lambobi kyauta ga masu gwaji, ba sai an yi rajista ba.

Su kuma kamfanonin, yawancinsu suna ɗauko tushen lambobin ne daga wasu 'yan manyan manhajojin lissafi, waɗanda za mu kira injinan hasashe. Uku sun fi shahara. Akwai GFS na gwamnatin Amurka, wanda ake kunnawa sau huɗu a rana, yana hango har kwana 16. Akwai na cibiyar ECMWF ta ƙasashen Turai, mai hedikwata a Ingila, wadda manyan kwamfutocinta ke birnin Bologna na Italiya. Sai ICON na Jamus.

Injin hasashe yana yanka sararin samaniyar duniya gida-gida kamar gidajen dara, sannan hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida yana ajiye zafi, da danshin iska, da nauyinta, da inda ta dosa. Daga nan sai ya lissafa yadda kowane gida zai canza nan da 'yan mintuna, ya ɗora a kan wannan ya sake lissafawa, haka har ya kai mako biyu. Faɗin gida ɗaya a GFS kusan kilomita 13 ne, a na Turai kuma kusan 9. Ke nan mutumin Fagge da na Tarauni a Kano suna iya samun amsa iri ɗaya, alhali kowa ya san ana iya tafka ruwa a wata unguwa, maƙwabciyarta tana ƙura.

Kafin a fara lissafin dole a gaya wa injin halin da sama take ciki a yanzu. Bayanan suna zuwa daga tashoshin auna yanayi irin na filayen jirgin sama, da jiragen sama da na ruwa, da taurarin ɗan'adam, da balan-balan masu ɗauke da na'ura da ake saki sau biyu a rana a ɗaruruwan wurare a duniya, wajen ƙarfe ɗaya na dare da ɗaya na rana agogon Najeriya da Nijar.

Wannan ne ya sa za ka buɗe manhaja biyu a waya ɗaya ka ga sun saɓa. Kowace da injin da take sha, kuma kowane kamfani da irin gyaran da yake ƙarawa.

Me kashi 60 yake nufi?

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. In ka ga 60% a gefen ɗigon ruwa, ana nufin yiwuwar a samu ruwan da za a iya aunawa, ko da kaɗan ne, a wurin da kake, cikin lokacin da aka ambata. Wato in aka tara ranaku goma masu irin wannan hali, ana sa ran a yi ruwa a shida, huɗu kuma ba za a yi ba. Lambar ba ta gaya maka yawan ruwan ba, ba ta gaya maka tsawon lokacin da zai ɗauka ba. Kashi 90 yana iya ƙarewa a yayyafi, kashi 30 kuma ya zo da ruwan da zai cika kwalbati.

Ta yaya ake samo lambar? Tun a 1963 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan ƙaramin bambanci a lambobin farko yana girma har ya sauya sakamakon gaba ɗaya bayan wasu kwanaki. Tunda kuwa ba wanda zai iya auna kowane lungu na sama daidai, sai aka samo dabara: a kunna injin sau da yawa, kowane karo a ɗan taɓa lambobin farko. Cibiyar Turai tana yin haka sau 51. In 30 daga ciki suka nuna ruwa a garinku ranar Laraba, ka ga an samu kusan kashi 60 ke nan. In duka suka yi ittifaƙi, hasashen yana da ƙarfi. In suka watse kowa da nasa, yana da rauni.

Yawan ruwa kuwa da milimita ake rubuta shi, kuma yawancin manhajoji suna nuna shi in ka danna ranar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Rufin gida mai mita 10 sau 10, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 2,000, wato jarka mai lita 25 har guda 80. Saboda haka ka riƙa duba lambobin biyu tare, kashi da milimita.

Wasu kan ji nauyin abin, suna ganin kamar shiga gaibu ne. Hasashen yanayi lissafi ne a kan alamun da aka auna, irin wanda manomi ke yi in ya ga hadari ya haɗu ya ce a kwashe shanya. Shi ya sa da kashi ake ba da shi, ba da rantsuwa ba.

Me ya sa ruwanmu ke ba kwamfuta wahala?

A Turai, yawancin ruwa yana zuwa ne da manyan guguwoyi masu faɗin ɗaruruwan kilomita zuwa sama da dubu, waɗanda ke tafiya kwana da kwanaki, injin yana ganin su tun daga nesa. Namu daban ne.

Damina tana samuwa ne in iska mai laima daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma ta turo busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Layin da suke haɗuwa yana hawowa sannu a hankali, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sannan ya juya. Dalilin da ya sa Legas ke riga Kaduna samun ruwa ke nan, Kaduna ta riga Kano, Kano ta riga Agadas. A saman wannan iska mai laima, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke tura hadari. Shi ya sa za ka ji iskar ƙasa tana busowa daga kudu maso yamma, amma hadari ya taso daga gabas. Iskar nan ta sama tana tafiya da lanƙwasa kamar igiyar ruwa, lanƙwasa ɗaya na wucewa duk kwana 3 zuwa 5, abin da ke sa a jera kwanaki ana ruwa, sannan a ɗan sarara.

Shi hadarin kansa yakan ƙullu ne da rana tsaka zuwa la'asar, in ƙasa ta ɗau zafi, musamman a kan tuddai irin na Jos, da duwatsun Ayar a Nijar, da na Kamaru, da na Darfur a Sudan. Sai hadura da dama su haɗu su yi sahu mai tsawo, su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, wani lokacin su kwana suna tafiya. Mafi yawan ruwan da ake samu a yankin Sahel daga irin wannan sahu yake. Shi ya sa a Yamai ruwa ke yawan sauka da tsakar dare ko da asuba: hadarin da ya taso daga gabas tun jiya da yamma ne ya iso.

Matsalar ita ce hadari yana farawa ne ƙarami, bai kai faɗin gida ɗaya na injin ba, don haka injin ba ya ganin haihuwarsa, kintata yake yi. Ga kuma ƙarancin ma'auni. Wani lissafi da aka wallafa a mujallar Nature a 2023 ya nuna Amurka da Tarayyar Turai suna da na'urorin rada na yanayi 636, Afirka gaba ɗaya kuma 37. Rada ce ke ba mutumin Landan damar ganin saƙon cewa ruwa zai fara nan da minti goma. In ka ga irin wannan saƙon a Gusau ko Maraɗi, ka ɗauke shi da taka-tsantsan. Wani bincike da masana na jami'ar Karlsruhe ta Jamus suka fitar a 2018 ya gano cewa a yankin Afirka da ke tsakanin Sahara da teku, hasashen ruwa na kwana ɗaya zuwa biyar da manyan injinan ke bayarwa sau da yawa bai fi wanda za a samu ba in aka duba tarihin ruwan shekarun baya kawai.

Yanzu an shigo da ƙirƙirarriyar basira cikin harkar. A 2023 kamfanin Google DeepMind ya fito da GraphCast, mai fitar da hasashen kwana goma cikin ƙasa da minti ɗaya, a watan Fabrairun 2025 kuma cibiyar Turai ta fara aiki da nata mai suna AIFS. Suna da sauri ƙwarai, amma su ma daga bayanan da aka auna suke koyo, inda ma'auni ya yi ƙaranci kuwa karatun ma zai yi ƙaranci.

To wanne za ka yarda da shi?

Zafi da sanyi: wannan ne ɓangaren da ya fi inganci. In manhaja ta ce Sakkwato ko Maiduguri za ta haura digiri 40 duk mako a watan Afrilu, ka shirya. Ka tuna ita ma waya tana jin jiki, kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, don haka kada a bar ta a gaban mota cikin rana.

Hazon hunturu: shi ma ana hango shi da kyau, domin babban abu ne mai tafiyar kwanaki. Yawancin ƙurar tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta iso arewacin Najeriya cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mai asma da mai shirin tafiya a jirgi su riƙa dubawa.

Yanayin makon gaba ɗaya: ko mako ne mai laima ko na ɗaukewar ruwa, wannan ma manhaja tana ba da haske.

Rana da awar da ruwa zai sauka a unguwarku: nan ne raunin yake. Na yau da gobe ka saurara, na kwana uku zuwa biyar ka ɗauke shi a matsayin ishara, abin da ya wuce mako kuwa kada ka ɗaga biki ko ka sa ranar zuba kankare saboda shi. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A harkar ruwan damina ma Larabar ce daidai, wanda ya ce tun Asabar ɗin baya ya gano ta, ya yi gaggawa.

Ire-iren gajimare guda goma

Sunayen da duniya ke amfani da su sun samo asali ne daga wani Bature mai harhaɗa magunguna a Landan, Luke Howard, wanda ya gabatar da su a 1802. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsayar da manyan iri goma. Sunayen na Latin ne, amma kalmomi biyar kawai ake harhaɗawa, kamar yadda mai rubuta manhaja ke haɗa sunaye: kumulus shi ne tuli, sitiratus shimfiɗa, sirus silin gashi, nimbus mai ruwa, alto kuma ana liƙa shi ga na hawan tsakiya.

Na can sama, daga kilomita 6 zuwa 18 a ƙasashe masu zafi irin namu. Duk ƙanƙara ce ƙanana, kuma ba sa ba da ruwan da zai iso ƙasa.

1. Sirus: farare, sirara, kamar an ja zaren auduga ko gashin tsuntsu. In su kaɗai ne, lafiya lau. In da damina ka ga suna ƙara kauri daga gabas da yamma, suna iya zama ɓurɓushin kan wani hadari da ke nesa.

2. Sirokumulus: ɗigo-ɗigo farare ƙanana, kamar an barbaɗa gero a faifai.

3. Sirositiratus: farin mayafi marar kauri da ke rufe sama, rana na ratsa shi har ka ga inuwarka. Shi ne ke sa da'ira ta kewaye rana ko wata. In ka miƙa hannu, tsakanin wata da da'irar kusan taƙi guda ne.

Na tsakiya, daga kilomita 2 zuwa 8.

4. Altokumulus: dunƙule-dunƙule kamar garken tumaki a jere. In da safe ka ga kowane dunƙule ya fito da 'yan kawuna a samansa kamar zankayen soro, alama ce sama ba ta zauna ba, ana iya samun hadari kafin dare.

5. Altositiratus: shimfiɗa mai ruwan toka, rana na bayanta dishi-dishi kamar fitila a bayan labule, ba ka ganin inuwarka. Yakan rage a sama bayan hadari ya wuce.

6. Nimbositiratus: baƙi-baƙi, mai kauri, ya rufe rana ruf, ruwa na zuba a hankali awa da awanni ba tsawa. Irin ruwan marka ke nan na watan Agusta, wanda ke jiƙa ginin ƙasa har ya zube.

Na ƙasa, waɗanda gindinsu bai wuce kilomita 2 ba.

7. Sitiratus: toka-toka, ƙasa-ƙasa, ba shi da siffa, har yakan rufe kan dutse ko dogon ƙarfen sabis. Iyakarsa yayyafi. An fi ganin sa da safe a Jos da Mambila da kudancin ƙasa.

8. Sitiratokumulus: manyan dunƙule da suka manne da juna kamar kunyoyin gona. Yana tsorata mai shanya, amma da wuya ya yi abin kirki.

9. Kumulus: tulin auduga mai shafaffen gindi. Wannan shi ne wanda ya kamata ka fi sa wa ido. In faɗinsa ya fi tsayinsa, ranar lafiya ce. In ya fara miƙewa sama kamar hasumiya, kansa na tuƙuƙi, to yana kan hanyar zama hadari.

10. Kumulonimbus: shi ne hadari. Gindinsa baƙi a ƙasa, kansa kuma yana iya haura kilomita 15, inda yake bajewa kamar uwar maƙera. Daga shi kaɗai ake samun tsawa da walƙiya da ƙanƙara. Ko manyan jiragen sama kewaye shi suke yi.

In ka rasa bambance masu dunƙule guda uku, miƙa hannunka sama sosai. Dunƙulen da ƙaramin yatsa ya rufe, sirokumulus ne. Wanda sai da yatsu uku, altokumulus. Wanda ya fi yatsu uku, sitiratokumulus. Kada kuma a haɗa gajimare da hazo: hazo ƙura ce, ba shi da gefe ko siffa, yana mayar da sama fari-fari ko ja-ja tun daga ƙasa.

Yadda za ka haɗa ukun

1. Ranar Asabar ko Lahadi, buɗe hasashen mako. Kada ka tsaya a hotuna, duba kashi da milimita da zafi. Ka lura da ranakun da suka fi laima.

2. Gwada injina biyu. Manhajar Windy, wadda ake samu a Play Store da App Store, tana ba ka damar sauyawa tsakanin ECMWF da GFS da ICON a wuri ɗaya. In sun yarda da juna, ƙara yarda. In sun saɓa, ka san ranar a buɗe take.

3. Duba sanarwar hukuma. A Najeriya NiMet tana fitar da hasashen kwana uku da gargaɗin ruwa mai ƙarfi ko hazo a shafukanta na Facebook da X, kuma a farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina, mai nuna lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Hukumar NIHSA ce ke fitar da na ambaliya. A Nijar akwai hukumar yanayi ta ƙasa, ga kuma cibiyar AGRHYMET a Yamai. Bambancinsu da manhaja shi ne akwai ma'aikatan da suka san yankin suna duba abin da injin ya fitar. Gargaɗinsu yana gaba da hoton rana da ke kan wayarka.

4. A ranar da abin ya dame ka, buɗe hoton tauraron ɗan'adam, a Windy sunansa Satellite. Hoton yana zuwa ne daga taurarin Meteosat na Turai, da ke tsaye kusan kilomita 36,000 a saman Afirka, suna ɗaukar sabo duk minti 10 zuwa 15. Wannan ba hasashe ba ne, abin da ke faruwa ne. Danna alamar kunnawa ka ga motsin awannin da suka wuce. Babban dunƙule mai haske sosai, ko mai launin ja in ka zaɓi hoton da ke nuna sanyin kan gajimare, hadari ne mai tsayi. Dubi gabas da garinku. Ga mutumin Kano, hadarin da ke kan Dutse yana iya isowa cikin awa biyu, na kan Azare awa uku zuwa huɗu, na kan Potiskum biyar zuwa shida. Yana iya mutuwa a hanya ko ya karkata kudu, don haka ka sake dubawa bayan awa ɗaya. Hoton yana cin data fiye da hasashen rubutu, buɗewa biyu ko uku a rana sun isa.

5. Daga azahar, fita ka dubi sama. Kumulus na miƙewa? Gabas ta yi baƙi? In ka ga wani dogon gajimare baƙi ya kwanto ƙasa-ƙasa a gaban hadarin kamar baranda, zafi ya ɗauke, iska mai sanyi ta taso da ƙura, to mintuna suka rage. A wannan lokacin ko manhaja ta ce kashi 10 ne, kwashe shanyarka. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Tsawa da wayarka

Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, sauti kuwa yana cin kilomita ɗaya ne cikin kusan daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, fara ƙirga har ka ji tsawa, sai ka raba da uku. Daƙiƙa 15 kilomita 5 ke nan. In bai kai 30 ba, kana cikin inda aradu za ta iya faɗawa, nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe ka shiga, kuma ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin ka fita. Gindin bishiya, da filin ƙwallo, da kan babur, da kan rufi, duk wuraren gudu ne.

Maganar cewa waya tana jawo aradu ba ta da tushe, sabis ɗin waya ba ya jan walƙiya. Haɗarin yana ga igiya. Aradu in ta faɗa kan layin wuta ko eriya, tana iya biyo waya har cikin ɗaki, don haka cire caja daga soket, cire talabijin da dikoda, kada ka riƙe wayar da ke jone da wuta. In hasashe ya nuna ana sa ran hadari da yamma, yi cajin waya da fawa bank tun da rana, tunda an san halin wuta in iska ta taso.

Bayan ruwa kuma, kada ka raina ruwa mai gudu. Zurfin santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta nuna cewa ruwan da zai shigo gida ba lallai a kan rufinka ya sauka ba. Wanda ke zaune kusa da kogi ko madatsa ya riƙa duba yawan ruwan da ake yi a garuruwan da ke sama da shi, ya kuma saurari sanarwar hukuma a rediyo.

Gwajin mako biyu

Ga aikin gida ga mai so. Kowace safiya ka ɗauki hoton sikirin na hasashen ranar, da la'asar ka ɗauki hoton sama ta gabas, da dare ka rubuta abin da ya faru: an yi ruwa ko ba a yi ba. Bayan mako biyu ka jera su. Za ka gane wace manhaja ce ta fi dacewa da garinku, wane irin gajimare ne ke cika alkawari a wajenku, da kuma kashi nawa ne ya kamata ya sa ka ɗauki lema. Mai koyon rubuta manhaja kuma ya samu aikin gwaji: jawo lambobin ta API, adana su a tebur, ka kwatanta da abin da idonka ya gani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga ambaliya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.